Yadda na sayo motar lantarki na kawo ta Maraɗi, da abin da take ci mini

Shekara da shekaru mu mutanen Maraɗi ba mu ɗauki mai abin zama a yi wa lissafi ba. Man Najeriya ne ke tsallako iyaka ta Jibiya da Ɗan Isa, ƴan ruwa-ruwa su jera kwalabe a bakin hanya, mai babur da mai mota su sha da arhar da gidan mai bai isa ya yi ba. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, ba a daɗe ba kwalaben suka fara janyewa, kowa ya koma gidan mai. A Yulin 2024 gwamnatinmu ta sauke litar esansi daga sefa 550 zuwa 499, muka ji daɗi. To amma kayan da a da matatar Soraz ta Damagaram take ɗauka tare da man sumoga ya dawo kanta ita kaɗai, matatar da tun buɗe ta a 2011 ganga 20,000 take iya tacewa a rana. Ga shi kuma man ya juya akala, ya koma tsallakawa can inda ya fi tsada. Abin da ya biyo baya a watan Maris na 2025, cikin azumi, duk mai abin hawa ya gani da idonsa: layi tun daga asuba, mutane da ƙishirwa a rana, wani ya kai bakin famfo a ce ya ƙare.

Ni sana'ata sayar da iri da taki da maganin ƙwari. Shagona yana kusa da babbar kasuwa, amma cinikina na gaske yana wajen masu lambu, Jiratawa, Safo, Tibiri, har Madarumfa. Manomin rani ba ya jira. In tsutsa ta faɗa wa tumatirinsa yau, yau yake son magani, in ba ka zo ba wani zai zo. Don haka kusan kullum nakan ci kilomita 60 zuwa 80 a hanya. A wancan layin na yi asarar masu ciniki da na daɗe ina tare da su, kuma a nan ne na fara sauraren maganar da ɗan ƙanwata, wanda ke harkar kaya a Gwanzu ta ƙasar Sin, ya daɗe yana yi mini ina ture ta.

Abin da yake faɗa shi ne motar lantarki ta daina zama ta manya. Ban ɗauka haka nan ba, sai da na sa shi da ɗana mai karatu a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo suka tattaro mini bayani, na zauna na fahimci dalilin arhar. Kayan da ya yi arha ba dalili, ɗan kasuwa tsoronsa yake.

Dalilin yana cikin batir, wanda shi ne abu mafi tsada a jikin motar. Ana auna shi da kilowat, irin wanda ake lissafa mana a takardar kuɗin wuta. Cibiyar BloombergNEF, wadda ke bin farashinsa duk shekara, ta nuna a 2010 kilowat guda ya haura dalar Amurka 1,000. A 2023 ya sauko 139, a 2024 ya koma 115. Ma'adinin lityom da ake yin batirin da shi ya kai ƙololuwar tsada a ƙarshen 2022, tan guda ya tasam ma yuwan 600,000 a kasuwar Sin, daga nan ya rikito har ya faɗi ƙasa da 100,000, saboda an buɗe sabbin mahaƙa kaya ya yi yawa. Sannan masana'antun Sin sun karkata ga wani nau'in batir da ake kira LFP, na ƙarfe da fosfat, wanda babu kobalt da nikel masu tsada a cikinsa. Ya fi nauyi, amma ya fi arha, ya fi jure zafi, kuma ya fi wuyar kamawa da wuta. Wannan na ƙarshe shi ya fi jan hankalina, don na san abin da ranar Afrilu take yi wa kaya a garin nan.

Sai kuma gasa. A Janairun 2023 Tesla, mai ƙera motocin lantarki ta Amurka, ta karya farashi, kamfanonin Sin suka bi, kowa na ƙoƙarin kayar da ɗan'uwansa. BYD ta ƙasar Sin ta fito da ƙaramar motarta Seagull a 2023 a kan yuwan 73,800, a 2024 ta mayar da ita 69,800, kusan miliyan 6 na sefa ke nan, sabuwa fil. Hukumar makamashi ta duniya ta ce a 2024 an sayar da motocin lantarki sama da miliyan 17, wato fiye da ɗaya cikin kowace mota biyar da aka sayar a duniya, kuma a Sin kusan kashi biyu cikin uku nasu sun fi takwarorinsu na mai arha tun a wajen saye. Amurka ta ɗora wa na Sin harajin kashi 100 cikin 100, Tarayyar Turai ma ta ƙara nata, don haka masu ƙera su suka juyo neman kasuwa a Asiya da Kudancin Amurka da Afirka. Habasha kuwa tun farkon 2024 ta hana shigo da ƙananan motoci masu shan mai, don ta gaji da kashe kuɗin waje wajen sayen fetur alhali tana da wutar madatsar ruwa.

Duk wannan gaskiya ne, amma gaskiyar can ce. Na ɗauki takarda na yi tawa. Tsohuwar motata ƴar Japan tana shan kamar lita 9 a kilomita 100 in an kunna sanyi, wato sefa 4,500. Ƙaramar motar lantarki, in aka haɗa da abin da ke ɓacewa wajen caji, tana cin kamar kilowat 15 a wannan tafiyar. Na tsananta wa kaina lissafi na sa kowane kilowat a kan sefa 130, ya ba ni kusan jaka 2, wato sefa 2,000. Ribar jaka 2 da rabi ke nan a kowane kilomita 100. Ni da nake yin kamar kilomita 20,000 a shekara, jaka 500 ce za ta rage a aljihuna, ban da kuɗin bidanji da fulogi da matatar mai da gyaran radiyeta da babu su a sabuwar. Kuɗi ne, amma ba irin wanda ake ta kururutawa ba ne, domin man ƙasarmu bai kai na maƙwabta tsada ba. Ma'aikacin da tafiyarsa daga unguwar Ali Ɗan Sofo zuwa biro ce ya dawo, wanda da wuya ya cika kilomita 5,000 a shekara, ribarsa ba za ta wuce jaka 125 ba. Irinsa ban ga dalilin da zai sa ya saya ba a yanzu, kuma na faɗa wa abokaina biyu haka ƙarara.

Da na kai wa yayana maganar, bai bari na gama ba.

"Kai dai ka cika ɗauko wa kanka kaya. Kuran ɗin da bai ishe mu juya fanka ba, shi zai ja maka mota? Ka manta 2023?"

"Ban manta ba, Yaya."

"To in ba ka manta ba, ka fara neman wutar kafin ka nemi motar."

Maganarsa tana kan hanya. Wutar Maraɗi da Damagaram mafi yawanta daga Katsina take shigowa ta layin Gazawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Najeriya ta yanke ta cikin takunkumin CEDEAO, ba ta dawo ba sai Maris na 2024. Wanda ya ga wannan ba zai guje wa dogaro da gidan mai ya koma dogaro da waya guda ba. Tun a ranar na sa kuɗin sola cikin kuɗin mota, na ɗauke su abu ɗaya.

Zaɓen motar ya ɗauki lokaci. Dillalai sun nuna mini hotunan tsofaffin Nissan Leaf da arha mai jan rai. Motar ta fito tun 2010, tana da tarihi, amma batirin na farkon ba shi da abin sanyaya shi sai iskar da ke kewaye, kuma tun 2012 masu ita a jihar Arizona ta Amurka, inda ake zafi irin namu, suka yi ta kukan batirinsu na saurin raguwa. Na bar ta. Na tsaya a kan ƙaramar mota ƙirar Sin mai batirin LFP na kusan kilowat 38, wadda ta yi shekara biyu a hannun wani. Dalilin da ya sa na ɗauki ta hannu shi ne karyewar farashin sababbi ya ja na tsofaffi ƙasa sosai, mota mai ƴan kilomita kaɗan sai ka same ta da ragi mai yawa.

Ɗan ƙanwata ya je wajen masu sayarwa ya kira ni ta bidiyo. Ina ta cewa ya nuna mini fenti da kujeru, ya ce, "Kawu, bar fenti. A motar ga lafiyar batir ake dubawa." Ya sa aka jona mata ƴar na'ura ta nuna kashi nawa ya rage na ƙarfin batirin na asali, ya haura 90 cikin 100. Ya sa aka ɗaga ta aka duba ƙasanta, don batirin a shimfiɗe yake ƙarƙashin kujeru, in ya taɓa bugun dutse ko ruwa ya taɓa cin motar a nan ake gani. Ya kuma tabbatar an mayar da rubutun allon gaba zuwa Turanci, an haɗo wayar caji ta gida guda biyu, domin bakin cajin motocin Sin daban yake da na Turai, in taka ta lalace ba za ka shiga kasuwa ka samu ba. Na sa ya haɗo da ƴan kayan ƙafa, roba da shokoba da takalmin birki, da madubi da fitila. Kuɗin na tura ta hannun ƴan kasuwarmu masu hulɗa da can, da takarda da shaidu, kuma ban cika ba sai da aka nuna mini takardar jirgi da lambar jikin motar a rubuce.

Daga nan arhar Sin ta fara narkewa. Kamfanonin jiragen ruwa suna lissafa batirin lityom cikin kaya masu haɗari, akwai takardu na musamman da ƙarin kuɗi, kuma sai an rage cajin kafin a rufe ta a kwantena. Hanyarmu ta gado, Kwatano zuwa Gaya, an rufe ta tun 2023, kuma a lokacin ba a buɗe ba. Sai Lome, daga can a ratsa Burkina cikin ayari da rakiyar soja, ta Dori da Tera, a faɗo Yamai. Ayari ba ya tashi don kai kaɗai, jira ake har a taru. Kowane kwana na jira kuma kuɗi ne, na fili, na direba, na mai gadi. Watanni na yi ina kiran mai fitar mini da kaya, wata rana ya ɗauka wata rana ya ƙi, kuma ban ga laifinsa sosai ba, don shi ma abin da aka faɗa masa yake faɗa mini.

A duwan, ba kuɗin da ka saya kaɗai ake dubawa ba. Ana haɗa kuɗin mota da na jirgi da na asuransi, a ɗora haraji a kan jimlar, sannan TVA, harajin da ake ɗorawa kan kayan saye, ta kashi 19 cikin 100 ta hau bisa. Wato tsadar hanya sau biyu take cin ka. Na nemi a rubuta mini lissafin tun motar ba ta iso ba, kuma duk mai niyya ina ba shi shawara ya yi haka, ya ga adadin da idonsa kafin ya tura ko sisi can. Daga Yamai zuwa nan kilomita 660 ne da ƴan kai, ta Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Madawa, Gidan Rumji, kuma babu inda zan dogara da shi in yi caji a tsakani, don haka a bayan babbar mota ta ƙaraso. Da na tattara takardu duka, kusan duk jaka 10 da na biya a Gwanzu sai da na ɗora mata wata jaka 10 kafin taya ta taɓa ƙasar Maraɗi. Ta tsaya mini a kan miliyan 9 da ɗoriya, alhali da rabin wannan zan ɗauki ƴar Japan mai kyau a garejin dillalai.

Ranar da aka sauke ta ko ƙofa ta ƙi buɗewa da makulli. Jama'a sun taru, wasu har sun fara jajanta mini. Ashe motar lantarki ma tana da ƙaramin batir mai bolt 12 irin na kowace mota, shi ke tada kwamfutarta, kuma zaman watanni ya shanye shi. Wani yaro mai gyaran wutar mota ya kawo nasa ya jona, allo ya haska, muka shiga muka tafi.

Wajen yin kartigiriz da asuransi an ɗan tsaya, domin takardun duk an tsara su ne a kan girman inji da yawan dawakinsa, ga mota babu inji. Ma'aikacin ya duba takardar masana'anta, ya je ya yi shawara da na gaba da shi, suka fitar da adadi daga ƙarfin motar lantarkin. An yi mini mutunci, sai dai na yi zirga-zirga.

Aikin wuta shi ne inda na fi koyon abu. Sa'ar da aka yi, Sin da Nijar duka bolt 220 suke amfani da shi, ba a buƙatar wata na'urar canji. Amma da muka jona wayar a bangon gida sai ta kunna jar fitila ta ƙi aiki. Mai gyaran kuran ya duba ya ce, "Alhaji, gidanka ba shi da wayar ƙasa. Yawancin gidajen garin ga haka suke." Na'urar cajin ba ta yarda ta saki wuta in babu hanyar da za ta zube ƙasa idan wani abu ya faru. Ya haƙa rami ya kafa sandar jan ƙarfe, ya zuba gawayi da gishiri saboda yashinmu busasshe ne, ya ce a riƙa ba wurin ruwa da rani. Ya ja waya mai kauri ta musamman tun daga kwanta zuwa rumfar mota, da abin yanke wuta nata na kanta. Wannan ba wurin tsimi ba ne. Caji awanni yake ɗauka yana jan wuta ba tsayawa, siririyar wayar da ke ɗaukar fitila da talabijin zafi za ta yi ta narke, kuma a gidan da yara suke kwana.

Da wayar gida mai amfiya 10, abin da ke shiga bai fi kilowat 2 da ɗan kai a awa ba. In batirin ya ƙare ƙaf zai kwana ya yini kafin ya cika. Mutane suna jin haka sai su ce ai ba ta da amfani. Amma ni ba na ƙarar da shi. Tafiyata ta yini kilowat 10 zuwa 12 take ci, awa biyar zuwa shida sun mayar da shi. Matsalar da na gani ita ce lokacin bazara, sa'ad da kowa ya kunna na'urar sanyi wuta ta yi rauni, cajin yakan yanke kansa da kansa.

Nan sola ta shigo. Na sa faranti 8 masu wat 550 a kan rumfar, da inbata, da madaidaicin batir na gida don gajimare ko ƴar rauni kada su katse caji. Su ma farantan arharsu daga Sin ta taho, abin da shekara goma baya sai mai hali. A rana mai kyau suna ba ni kusan kilowat 18 zuwa 20, ya ishi mota har firji da fankoki su samu. Sai dai rana tana aiki ne lokacin da mota ya kamata ta kasance a hanya. Sai na juya tsarin aikina: in fita bayan sallar asuba, in zaga lambuna da sanyin safiya, lokacin da ma manoman suke bakin aiki, kafin azahar na dawo na jona ta, zuwa la'asar ta ƙoshi. Da hunturu ƙura takan rufe farantan ƙarfinsu ya ragu a fili, sai an riƙa wankewa. Aikin sola da na waya ya ci kusan miliyan 2.

To ga lissafin gaba ɗaya. Na kashe kamar miliyan 6 da rabi sama da abin da ƴar Japan za ta ci mini. A shekara ina tsira da kusan jaka 900, in aka haɗa man da ban saya ba da gyaran da ban yi ba, aka cire ɗan kuran da nake biya ranakun da rana ba ta isa ba. Shekara bakwai ke nan kafin kuɗina ya dawo. Kamar wanda ya sayi hatsin shekara bakwai ne lokacin kaka ya zuba a rumbu: ya huta da tashin farashi, amma sai mai abin hannu ke iyawa, kuma sai rumbun ya yi ƙarko.

Ƙarkon shi ne abin da nake sa wa ido. Masana'antu da yawa suna ba da lamunin batir na shekara 8 ko kilomita 160,000, amma wannan ga wanda ya saya ta hannun wakilinsu ne. Tawa da ta shigo ta hannun ɗan ƙanwata ba wanda zan kai wa ƙara. Don haka nake lallaɓa ta: ba ta yini a rana in akwai inuwa, ba na jona ta tana dawowa da zafin hanya sai ta ɗan huce, ba na barin batirin ya faɗi ƙasa sosai, kuma lokaci-lokaci nakan cika shi fal don ma'auninsa ya daidaita, kamar yadda ake so a yi wa irin LFP.

Akwai kuma wani gefe na faɗuwar farashi da ba a cika faɗa ba. Abin da ya sa na samu tawa da arha shi zai sa in sayar da ita da arha. Duk ran da aka rage kuɗin sabuwa a Sin, tawa ta rage daraja tana ajiye a rumfa. A watan Mayun 2025 ma an sake wani zagayen ragi a can. Ƴar Japan kuwa a Maraɗi kusan ajiya ce, in buƙata ta taso da safe ka kai ta wajen dillalai kafin magariba ka riƙe kuɗi. Na gwada tambayar wani dillali da muka saba nawa zai sa wa tawa, ya zagaya ta ya ce, "Wallahi Alhaji ban san ta inda zan kama ta ba." Wanda motarsa ita ce jarinsa na ranar wuya ya yi tunani a nan sosai.

A hanya kuwa ba ni da abin cewa sai alheri. Ba ƙara, ba girgiza, tana tashi nan take, sanyinta yana aiki ko tana tsaye. In ka ɗaga ƙafa tana rage gudu da kanta tana mayar da wuta cikin batir, shi ya sa birki ba ya cinyewa. Shirun nata ne ma ke sa in riƙa yin oda a cikin unguwa saboda yara da awaki. Kilomita 400 da ke rubuce a takardarta na gwajin can ne. Da sanyi a kunne da kaya a baya, kusan 300 nake gani. Damagaram, mai nisan kilomita 235 ko kusa da haka, tana zuwa, amma sai na kwana na cika kafin in juyo, kuma sai gidan da na san wayarsa. Ƙasanta gajere ne, ba ta son zurfin yashi, da damina kuma ba na tsoma ta a ruwan da ban ga ƙasansa ba a hanyoyin bakin Gulbi. Buhunan taki masu yawa har yanzu a-kori-kura nake ɗaukar musu. Taya tana ci da ɗan sauri saboda nauyin batir.

Makanikena na shekaru da yawa ya karɓi aikin ƙafa da birki ba gardama. Da ya buɗe gaba ya ga wayoyi masu ruwan lemo sai ya ja da baya, kuma daidai ya yi, domin wutar da ke cikinsu ta kai bolt ɗaruruwa, tana kisa. Ya ce mini, "Alhaji, wannan ba aikin sifana ba ne, aikin ƴan kwamfuta ne." Wannan giɓin yana damuna fiye da tsadar duwan. Muna da samari masu kaifin kai da ke gyaran waya da inbata a kasuwa, muna da makarantun koyon sana'a, abin da ya rage a koya musu wannan fanni da kayan kariya kafin motocin su yi yawa, ba bayan wani ya rasa ransa ba. Yaron nan da ya tada ta ranar farko na sayo masa na'urar dubawa da safar hannu ta masu aikin wuta, yana koyo ta bidiyo tare da ɗana.

Waɗanda suka fi tare ni da tambaya ba alhazai ba ne, masu adaidaita ne da ƴan kabu-kabu, kuma su ne lissafin nan ya fi yi wa daɗi. Mai adaidaita yana iya cin kilomita 100 a yini bai bar gari ba. Wani da ke ɗaukar mini kaya ya ce yakan sha man jaka 2 da rabi zuwa 3 kullum, kafin ya fitar da na mai keke, kafin na cefane. In wuta za ta mayar da wannan kusan jaka guda, abin da ya rage shi ne tuwon gidansa. A Indiya fiye da rabin kekunan masu ƙafa uku da ake sayarwa yanzu na lantarki ne, a Maiduguri kuma gwamnatin Borno ta sa motocin haya na lantarki a hanya tun ƙarshen 2023. Abin da ke tsaye a gaban namu shi ne kuɗin farko, da wurin caji, da kuma masu kawo keke mai arha da batirin dalma, wanda zafinmu ke kashewa da wuri ya bar yaro da bashi. In da za a sassauta harajin shigo da masu batirin lityom, a samu masu ba da su biya kaɗan-kaɗan, a kafa rumfunan sola a tashoshi, da talaka ya riga mai kuɗi cin moriyar wannan arhar.

Ni da maigidan mai adaidaitan nan da ke ɗaukar mini kaya mun yi magana. Zai sa a haɗo masa keke guda mai batirin LFP cikin kwantenar ɗan ƙanwata ta gaba, ni kuma zan ƙara faranti huɗu a rumfa, ya riƙa caji da tsakar rana lokacin da fasinja ke ƙaranci, yana biyana kuɗin kilowat. Mun ce za mu buɗe littafi, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita kullum har shekara ta zagayo, sannan mu kai wa shugabannin ƙungiyar masu adaidaita su duba.